Wa Ya Tsarkake Ka?

A shekara ta 1887 wani likitan ido, Bayahude mai suna Zamenhof, ya fito da sabon harshe a birnin Warso. Shi ne Esferanto. Nufinsa shi ne kabilu dabam dabam su ji maganar juna. Shi ya juya Tsohon Alkawari zuwa harshen, aka kuma buga dukan Littafi Mai Tsarki a London a 1926, shekara tara bayan rasuwarsa.

Akwai wata ƙa'ida ta harshen da nake yawan tunani a kanta. In kana da kalmar siffa, kamar pura, wato mai tsabta, sai ka cire wasalin ƙarshe ka sa -iĝi. Ka sami puriĝi, zama da tsabta ke nan. Haka sana, mai lafiya, yakan zama saniĝi, warkewa. Amma in ka sa -igi, ma'ana ta juya. Purigi shi ne tsabtace wani, sanigi kuwa warkar da shi. Bambancin a rubuce ɗan hula ne kawai a kan harafin g. Mai hula ana faɗinsa kamar j namu.

Mu ma muna da irin wannan. Daga tsarki muna cewa mutum ya tsarkaka, muna kuma cewa an tsarkake shi. Na fari yana faɗin abin da ya faru da mutumin, bai ambaci wanda ya yi aikin ba. Na biyu kuwa ba ya yiwuwa sai da mai yi.

A nan ne nake jin tsoro saboda mu masu bi. A wurin ba da shaida nakan ji ana cewa, na warke, na shiryu, na bar giya. Gaskiya ne. Amma in bakinmu ya saba da wannan kaɗai, a hankali zuciya za ta ɗauka ƙoƙarinta ne.

Ku tuna da kutare goma na Luka sura 17. Dukansu sun tsarkaka a hanya. Ɗaya ne tak, Basamariye, ya komo ya faɗi a gaban Yesu da godiya. Taran nan sun san abin da suka zama, shi kuwa ya san wanda ya mai da shi haka.

'Yan'uwa, in mun tashi ba da shaida ran Lahadi, mu faɗi abin da muka zama, mu kuma kira sunan wanda ya yi aikin.