Mawaƙin da Ke Yawo Ba Ya Iya Ɓoye Ƙarya

Mu mutanen gabashin Sakkwato, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, mun tashi da kiɗan kalangu a kunnuwanmu, kuma in ana zancen kalangu a wannan yanki, sunan Muhammadu Bawa Ɗan Anace na ƙasar Gandi ke fara fitowa. Ni ban riske shi a fage ba, a kaset da Rediyon Rima na san muryarsa. Amma kawuna ya yi shekaru yana amshi a bayan wani makaɗin dambe na ƙauyenmu, kuma daga bakinsa na fahimci abin da nake son in gaya wa 'yan'uwana marubuta a yau.

Makaɗan ƙasar Hausa ba hanya ɗaya suka bi ba. Akwai na fada, irin su Ibrahim Narambaɗa, wanda ya tsaya ga ubangidansa Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. Akwai irin su Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da ya zaga fadoji da dama, ya kuma yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, wanda shi ma haifaffen Rabah ne. Sannan akwai makaɗan maza da na noma, waɗanda fadarsu ita ce dandali da gona. Su waɗannan, da zarar an kai amfanin gona gida sai su ɗaure kayansu, yau suna wannan gari gobe suna wancan, su bi ranakun kasuwa, su kwana a zauren sarkin fawa ko na duk wanda ya gayyace su. Abin da aka samu a fage, kuɗi ne ko riga ko damin gero, maigida ya raba wa makaɗa da 'yan amshi da sanƙira.

To, ina gaskiya a sana'ar da mutum ke ci daga hannun wanda yake yabo? Ɗalibaina na sakandare sukan yi mini wannan tambaya duk lokacin da muka zo darasin waƙar baka, kuma tambaya ce mai nauyi. Amsar da kawu ya ba ni ita nake ba su. Ya ce makaɗin dambe yana waƙa ne a gaban mutanen da suka ga damben da idonsu. Idan ɗan dambenka ya faɗi a Gandi, ka je Goronyo ka ce shi ya yi kisa, to ka sani akwai ɗan kasuwar da ya riga ka isa da labari. Ranar nan za a bar maka fili kai da kalangunka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma babu wanda ya fi matafiyi sanin haka.

Wannan ba ya nufin babu kambamawa. Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago har ya zama kamar dodo a zukatan jama'a, ya siffanta shi da abubuwan ban tsoro, ya kawo zancen mutuwa da lahira cikin wasan samari. Amma duk wannan ado a kan tubali aka ɗora shi: mutum ne da jama'a suka shaida ƙarfin hannunsa, da abokan karawa irin su Ɗandunawa waɗanda kowa ya san ba kanwar lasa ba ne. Mawaƙin bai rage darajar abokin gaba don ya ƙara wa gwaninsa ba, domin ya san wanda ya ka da rago bai yi abin waƙa ba. Gishiri yakan gyara miya, amma ba a yin miya da gishiri zalla.

Yau al'amari ya sauya. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, tafiyar dare da taron dandali suka yi wuya a garuruwanmu da yawa. Matashin mawaƙi kuwa yana iya shiga situdiyo a birni, ya yabi mutumin da bai taɓa gani ba, ya lissafa rijiyoyin da ba a haƙa ba, waƙar ta yaɗu a wayoyi ba tare da ya tsaya gaban kowa ba. Alƙalan nan na fage, masu iya juya baya su watse, babu su a wurin.

Mu ma marubuta haka muke, a ɗaki muke rubutu mu kaɗai. Shawarata ga mai tasowa ita ce, kafin ya kai waƙarsa ko labarinsa ga maɗaba'a, ya tambayi kansa: zan iya tsayawa a kasuwar garinmu in karanta wannan a gaban waɗanda suka san abin da ya faru? Idan ya rubuta manomin albasa na fadamar Wurno, shin manomin zai ji ya gane kansa? Idan amsar ita ce a'a, to a koma a sake. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya maido mana da zaman lafiya, Ya sa alƙalumanmu su zama shaida gare mu ba a kanmu ba.