'Yan UPE a Kaduna

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro a ƙarƙashin shirin UPE, shi ya sa har yau tsararrakinmu ake ce mana 'yan UPE. Ba a neman takardar haihuwa, don ba kowa ke da ita ba. Yaro zai ɗora hannun dama ta saman kai, in ya taɓo kunnen hagu ya isa shiga. Yaran da suka fito sun zarce lissafin hukuma nesa ba kusa ba, har aka raba mu 'yan safe da 'yan rana, wasu azuzuwan kuma a gindin darbejiya suke zama.

Makarantarmu a Kaduna take, kusa da gidajen ma'aikatan reluwe. Wanda ya san reluwe a lokacin ya san abin da wannan ke nufi: jirgin ƙasa ya kwaso mutane daga Ikko da Inugu da Kafancan da Minna ya zube su a layi ɗaya. A bencinmu kaɗai akwai ni, da wani Bayerabe ɗan direban jirgi, da wata yarinya Ibo da iyayenta suka dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da wani ɗan Bajju mai tsananin shiru. Bayanmu kuma ga Banufe, ga Bafulatani, ga 'yan Gbagyi, waɗanda ƙasar ma asalinta tasu ce.

Malamarmu ba ta daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Da Hausa take koyar da mu, muna bin Ka Koyi Karatu baƙi da wasali, domin Hausa ce harshen da duk ajin ke ji. Amma tana da wata ɗabi'a da ban ƙara gani wajen wani malami ba. In an zo lissafi, sai ta zube murafan kwalba a kan tebur ta kira yaro ɗaya.

"Zo nan, ƙirga mana da yaren gidanku."

Yarinyar nan Ibo ta fito tana jan ƙafa ta ce otu, abuo, ato. Bafulatani ya ce go'o, ɗiɗi, tati. Mu kuma mu amsa gaba ɗaya, muna karya harshe, ajin ya kece da dariya. Malama ba ta hana dariya, amma duk wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi za ta tsayar ya maimaita shi kaɗai har sai ya faɗa daidai, mai yaren kuma shi ne alƙali. Ranar da aka zo kan ɗan Bajjun nan, wanda mun ɗauka ko magana ba ya iyawa, sai ga shi yana gyara wa Malama da kanta furuci, yana girgiza kai yana cewa, "A'a Malama, ba haka ba ne." Tun daga ranar bakinsa ya buɗe, har ma ya zo ya dame mu da surutu.

Sauran karatun a bakin ƙofar makaranta muke yinsa lokacin tara. Akwai wata tsohuwa Bayerabiya mai sayar da alale a ganye, kowa Iya yake ce mata. Ba ta miƙa wa yaro komai sai ya rusuna ya gaishe ta da Yarbanci, ko da kuwa kwabonsa na hannu. "Yaro na, gaisuwa tukuna," in ji ta da Hausarta mai lanƙwasa. Da azumi yaran Kirista na bin mu tashe, su ne ma suka fi mu iya buga gwangwani. Da Babbar Sallah mu ke rarraba naman layya gida-gida, da Kirsimeti kuma kwanonin shinkafa su yi ta shigowa gidanmu, kajin ma mahaifina ake kawo wa ya yanka don kowa ya ci hankali kwance.

Muna tsakiyar aji ɗaya aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Ikko ce cibiya, amma hawan daba Kaduna aka kawo shi, har aka gina otal ɗin Durbar saboda baƙi. Dawaki da raƙuma daga masarautu suka cika gari, ga lifidi, ga kakaki, ga algaitar Barebari. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai wasu baƙi ne da muka gani a gefen titi, baƙaƙe wuluk kamar kawunnanmu, amma ba su jin Hausa, ba su jin Yarbanci, Turancin ma ba irin na Malama ba ne. Washegari Malama ta kawo taswira ta nuna mana Amurka da Birazil, ta ba mu labarin bayin da aka tsallakar da su teku. A ranar na fara sanin cewa akwai harshen da ake kira Fotugis.

A shekarar ce kuma aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankin da yake zaune. A takarda ke nan. Da muka kai aji huɗu sai ga dokar hana "banakula", monita na rubuta sunan duk wanda ya yi yarensu, a ci shi tarar kwabo ko ya sha bulala. Har gobe ina ganin wannan doka wauta ce: harshen da aka tafa maka a kansa bara, bana ya zama laifi.

Garin ma bai tsaya yadda yake ba. Bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane suka yi ta sayar da gidaje suna ƙaura, Musulmi suka fi taruwa arewacin kogi, Kirista kudu. Jikata yanzu tana nazare a wata makarantar kuɗi, kuma kusan duk 'yan ajinsu gidan Hausa suka fito. Sau ɗaya a shekara ana yi musu ranar al'adu, a aiko wa iyaye takarda cewa an ba ɗiyarku Ibo ko Tibi, sai uwarta ta bazama kasuwa neman murjani da zane. A yi rawa, a ɗauki hoto, a watsa a WhatsApp. Ban raina ƙoƙarin malaman ba, da babu gara ba daɗi. Sai dai da na tambaye ta ko ta san wata yarinya Ibo, cewa ta yi ita ce, ai ran Alhamis ta zama.