Laura da Gidanta na Kan Teku



Mu da yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, labarin Laura Dekker ya tsaya mana a rai. 'Yar ƙasar Holan ce. A shekarar 2009, tana da shekara goma sha uku kamar mu, ta ce za ta zagaya duniya ita kaɗai a jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska. Kotu ta hana ta, saboda ƙuruciyarta da kuma karatunta. Sai a 2010 aka ba ta dama, ta tashi daga Jibralta a jirginta mai suna Guppy.

Jirgin nan shi ne ɗakin kwananta, shi ne kicin, shi ne ajinta. Ta ratsa mashigin Panama, ta yada zango a tsibiran Galapagos da Bora Bora da Tonga da Fiji. Idan ta isa lungun teku inda igiyar ruwa ta lafa, sai ta saki anka, ta sauka ta sayi abinci, ta gyara abin da ya lalace. Daga Ostireliya zuwa Afirka ta Kudu kuwa ta yi fiye da kwana arba'in ba ta taka ƙasa ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ruwan sha. Ga ruwa ko'ina, amma na gishiri ne, ba ya shayuwa. Mai zama a irin wannan jirgi dole ya riƙa auna abin da ke cikin tankinsa. Wannan kam mun san shi, domin mu ma a gida jarka ɗaya muke lallaɓawa idan famfo ya ɗauke.

Mun yi musu a kulob. Wasunmu sun ce kotu ta yi daidai, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wasu sun ce an haife ta a cikin jirgi, tun tana ƙarama take tuƙi, don haka ba da ka ta yi ba. A nan muka tsaya: kafin ta tafi sai da ta ɗauki shekaru tana koyo.

A watan Janairun 2012 ta kammala zagayen a tsibirin Sint Maarten, tana da shekara goma sha shida. Malamanmu, idan ɗayanmu ya kawo muku babban buri, muna roƙo kafin ku ce a'a, ku fara tambayarsa me ya koya a kai.