Hanyar Guci a jikin taya

Duk wanda ya tashi daga Damagaram ya nufi Magarya, gudron ne a ƙarƙashinsa, mota kuwa tana gudu ba tare da kuka ba. Wahala tana farawa ne sa'ad da matafiyi ya bar babbar hanya ya miƙa gabas, cikin gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a shekara ta 2011. Komin huɗu ne a cikinta: Dungas, Dogo-Dogo, Malawa da Guci. Ƙasa ce ta jigawa da gawo, ta gero da gyaɗa da riɗi. A tsakanin tuddan rairayi kuma akwai kwaruruka na Korama, inda ruwa yake kusa, ake noman rake, kanwa kuma tana fitowa fari fat a bayan ƙasa.

Motar da ta fi shiga wannan yanki da ƙarfin zuciya ita ce kat-kat, musamman Toyota Land Cruiser, wadda samfurinta na 70 ya fito tun 1984. Ita ce motar furoje, ita ce ta likita, ita ce ta babban ɗan kasuwa mai zuwa Maigatari ranar Alhamis. Nauyinta ya haura ton 2 tun ba a ɗora mata kome ba. In an ƙara buhuna, da jarkokin gazuwal, da mutane, duk wannan nauyi yana kan wurare huɗu ne, kowane bai fi faɗin tafin hannu ba da yawa.

Ƙasa iri uku ce taya take takawa kafin ta isa Guci, kowace da abin da take so. Gudron yana son cikakkiyar iska. Burji mai ƙugu-ƙugu yana girgiza ƙarafan ƙafa har su saki. Rairayi kuwa ba ya yarda da taya mai tauri: sai direba ya rage iska, tayar ta baje, sannan motar ta hau tudu ba ta kafe ba. Rage iskar dabara ce mai kyau. Ɓarnar tana zuwa ne a komowa, in aka hau gudron ba a mayar da iskar ba. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, wayoyin cikinta su rabu da roba, wata rana da tsakar bazara ta fashe ba sallama.

Mai faci da ya daɗe a bakin tasha yana karanta taya kamar yadda malami yake karanta allo. In gefuna biyu sun cinye tsakiya tana nan, an yi ta tafiya da ƙarancin iska. In tsakiya ce ta shafe, iskar ta yi yawa. In gefe ɗaya kaɗai ya ci, ƙafar ta karkace, galibi bayan an faɗa rami ko an bugi kututture, sai an kai gareji an daidaita ta. In kuwa zanen ya ci rami-rami, nan tudu nan kwari, abin da ke tare girgiza ne ya mutu, tayar tana tsalle maimakon ta kwanta. Akwai kuma laifin direban da ya ɗaura ƙafa huɗu cikin rairayi ya manta bai kwance ba a kan ƙasa mai tauri: ƙafafun gaba da na baya suna jayayya a kowace kwana, roba tana gogewa a banza.

Maganin ba shi da tsada. A auna iska da safe, taya tana da sanyi. A riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, bayan kilomita 8.000 zuwa 10.000. A ajiye famfo da ma'auni a cikin mota, domin tsakanin ƙauyukan Guci ba kowane lokaci ake samun mai iska ba. Zanen da ya ragu zuwa milimita 1,6 ya gama aikinsa. Shekaru ma suna kashe taya ko ba ta taka ƙasa ba, rana tana busar da robar har ta tsattsage. Tun shekara ta 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke farawa da DOT a gefen taya suna faɗin sati da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Manyan masu ƙera taya suna cewa wadda ta kai shekara 10 a cire ta, kome kyawun zanenta.

Wannan lamba ta fi amfani a nan bisa wasu wurare. Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 sabuwar taya ta yi wa mutane da yawa nisa. A Najeriya kuma Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008. Abin da ya cika kasuwannin bakin iyaka shi ne tayar da ta riga ta yi rayuwa ɗaya a Turai. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A hanyar Guci kuwa ba ado kaɗai ake rasawa ba.

Ɗan kasuwa yakan duba tayarsa, domin daga aljihunsa take fita. Motar gwamnati ce marainiya: direba yana jiran umurni, shugaban ma'aikata yana jiran kasafi, ma'aunin iska na ƴan daloli babu mai saye. Amma ranar da haihuwa ta gardama a wani ƙauye bayan Guci, aka ce sai asibitin Magarya, ba injin ake tambaya ba, ba lambar mota ba. Tayoyi huɗu ne da ta ajiya za su yanke hukunci ko za a isa kafin gari ya waye.