Neman Kifi a Ƙasar da Babu Kogi

Ɗan Damargu a kasuwa ya san kifi, cikin kwali, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Tun muna yara a Tanut, daga gabas banda take zo mana: daga Difa da bakin Tafkin Chadi, ta sauka Damagaram, sannan ta hau mota ta yi arewa. Da hukuma ta hana su da cinikin kifi a jihar Difa a 2015 saboda rikicin Boko Haram, mu da muke nesa da ruwan a tukunya muka ji labarin, don ƙullin da mata suke saya su jefa a miya ya gagari talaka. Sai a 2019 aka ɗage hanin. Shi ya sa da wani ƙanen mahaifiyata da ke zaune a Belbeji ya aiko mini cewa an zuba tarwaɗa a wani tafki kusa da su, na ce wannan sai na gani da idona.

Cikin watan Agusta na tashi daga Damagaram, na bi hanyar Agadas. Muka wuce matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, muka wuce Bakin Birji, gero dama da hagu ya kai kafaɗa. Tanut kusan kilomita 150 ce, na kwana gida na gaida tsohuwa. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, dariya ta yi, ta ce in ba kwaɗi ba, me zan samu a ruwan Damargu?

Kashegari na dawo kudu har Sabon Kafi, muka bar kwalta muka yi yamma cikin wata tsohuwar mota a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gishiri da awaki. An yi ruwa daren jiya. Inda duk ƙasa ta yi kwari, direba sai ya tsayar da mu, yaron mota ya naɗe wando ya shiga ya auna zurfi da ƙafa. Muka yi turi, muka yi zaman jira, ba mu isa Belbeji ba sai bayan la'asar.

Belbeji na cikin kwarin Tarka. Da can ƙarƙashin Tanut take, sai a 2011 aka ba ta gundumarta. Kwarin nan tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani. Ya ratsa ƙasar Dakoro, ya bi ta wajen Madawa, ya nufi Najeriya wajen gulbin Rima. Yanzu abin da ya rage masa shi ne tafkuna nan da can, waɗanda damina ke cikawa, rani ya shanye. Babu hanyar da kifi zai bi ya hauro daga kudu. Kifin da duk ka gani a nan, ko dai kawo shi aka yi, ko kuma yana da dabarar zama cikin fari.

Da safe kawu ya samo mana kabu-kabu biyu. Tafkin yana da faɗi, ruwan jawur, bagaruwa tsaye a cikinsa har gindi. A gefe guda shanun Fulani, a ɗaya gefen raƙuman Buzaye, mata na cika jarka a kan jakuna. Ban ga jirgi ba, ban ga taru ba. A ƙarƙashin wata aduwa wani dattijo yana ɗinkin kalli. Mutumin Madarumfa ne, gadon su gare shi, mutanen ƙauyen suka ɗauko shi ya tsare musu ruwa, suna kiransa Sarkin Ruwa ko da yake ba wanda ya naɗa masa rawani.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo sayen ɗanyen kifi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, ka yi sammako da yawa. Ka dawo in sanyi ya shigo."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani a tsanake. Ma'aikatan gandun daji ne suka kawo kifin cikin ganguna, tarwaɗa da karfasa, kamar yadda suke yi a tafkuna da dama na Nijar. Damina lokacin ƙwai ce. Da ruwa ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa sai ta bi shi da dare har inda bai kai gwiwa ba, ta zubar da ƙwai. A lokacin ko yaro da sanda zai iya kashe uwa mai ciki, kuma wanda ya yi haka, in ji shi, daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo. Don haka ruwa a rufe yake har sai an gama girbi, ya ja baya, kifi ya yi nama. Ranar buɗewa mai gari ne ke sanarwa, a kama, a fitar da kason ƙauye da na sayen wani irin, in tafkin ya ƙafe.

Na tambaye shi gaiwa. Nan fuskarsa ta saki. Ya ce ita ba ta bukatar ganga ko ma'aikaci. In ruwa ya ƙare sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar ɗan rami tana shaƙar iska, har wata damina. A ƙasarsu, ya ce, da rani da fartanya ake haƙo ta. Masana ma sun tabbatar tana da huhu, kuma tana iya yin watanni a haka. Na daɗe ina jin sunanta, ban taɓa jin wanda ya yi maganarta da irin wannan girmamawa ba.

Akwai doka a rubuce. Dokar su ta Nijar ta tanadi takardar izini, ta hana kama kifi da guba da abubuwan fashewa da lantarki. Dattijon bai taɓa karanta ta ba, amma ya san abin da ta hana, kuma ya ce guba a nan ba laifin kifi kaɗai ba ne, tunda ruwan da za a zuba wa ita shi ne mutum da raƙumi suke sha. Abin da ya fi damunsa gidan sauro ne. Wanda aka raba wa mata don jarirai, shi samari ke ɗinkewa su ja da dare, ya kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Ma'aikacin gandun daji yana gari, babur ɗinsa ba kullum yake da mai ba. Dattijon kuwa a bakin ruwan yake kwana.

Kawu, wanda rediyo ba ya barin kunnensa, ya sako labarin Turawa. A ƙasar Norwe, kifin salmon yana barin teku ya hauro koguna lokacin zafinsu don ya yi ƙwai inda aka ƙyanƙyashe shi, kuma a yawancin kogunan daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta ake yarda a kama shi, da takarda, da iyakar adadi. A Yunin 2024, da aka ga kifin bai dawo da yawa ba, hukuma ta rufe koguna 33 ana tsakiyar kakar su. Kogin Tana, da ke kan iyakarsu da Finlan, an rufe kamun salmon a cikinsa a 2021. Dattijon ya saurara, bai yi mamaki ba. Ya ce ai a Argungu ma ba a shiga Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru su ɗaga. Abin da kawai ya tambaya shi ne ko masuntan Norwe suna da abin ci a watannin da aka hana su.

Tambayar nan ita ce ta Damargu. Agusta wata ne na yunwa: rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. Ka ce wa magidanci ya kalli tarwaɗa tana wasa a gonarsa ya bar ta, sai in ya tabbata ranar buɗewa zai samu rabonsa, ba wani ɗan kasuwa ne zai zo da mota ya kwashe ba. A ganina nan ne aikin zuba kifi yake tsayawa ko ya faɗi. Inda ƙauye ya san kason nasa ne, ba sai an kawo soja ba. Inda bai sani ba, ko an kafa allo an rubuta doka da Faransanci, kafin kaka tafkin ya koma na kwaɗi.

Na koma Damagaram da fura a ciki da cuku a jaka. Ga masu kawo kifin kuwa, roƙona shi ne kafin a sauke ganga ta farko, a tara mai gari da makiyaya da mata a yanke ranar buɗe ruwa da girman idon taru da kason kowa, a kuma yanka wa mai tsaron ruwan abin da zai ci har zuwa ranar.