Ranar da Na Zama Tafinta a Asibiti

Ni ba Bahaushe ba ne. An haife ni a Inugu, kusa da unguwar Ama Hausa, kuma a rumfar wani dattijo mai sayar da goro na fara koyon "ina kwana". Baba muke ce masa. Dalilinsa ne na zaɓi nazarin Hausa a jami'a.

A hutun 2024 ciwon nimoniya ya kwantar da Baba, har aka sa masa na'urar taimakon numfashi. Likita ba ya jin Hausa, Hajiya matar Baba kuma ba ta jin Turanci. Sai aka kira ni.

Likita ya ce a cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska miliyoyi. Na Baba da yawa sun cika da ruwa, wasu sun manne. Za su ƙara ƙarfin iskar na'urar don su buɗe, sannan su kwantar da shi rubda ciki awa 16 kowace rana.

Da na fassara, Hajiya ta ɓata rai. Ta ce, "Ɗana, a addininmu an hana wannan kwanciya. Kuma mutumin da numfashi ya gagara za a kife?"

Na yi shiru. Na san ka'idojin nahawu, amma ban san yadda ake faɗin wannan da Hausa ba. Can sai na tuna balan-balan ɗin da yara ke hurawa ranar Salla. Na ce, "Hajiya, idan balan-balan ya jiƙe ya manne, hurin farko shi ne mai wuya. In ya buɗe, sai a bar 'yar iska a ciki don kada ya sake mannewa. In an cika huri kuma, ya fashe. Shi ya sa za su bi a hankali. Kwanciyar rigingine kuwa, nauyin zuciya da ruwa na danne bayan huhu. In an kife shi, wajen zai samu iska."

Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To, lalura ce. A yi."

Daga baya na karanta cewa a wani bincike na 2013 a Faransa da Sifen, kan majinyata 466, wannan kwanciya ta rage mace-mace da kusan rabi. Wani kuma na 2017, wanda likitocin Brazil suka jagoranta, ya nuna tsananta ƙarfin iskar na ƙara mace-mace. Ashe misalina bai kauce hanya ba.

Baba ya tashi. Har ya koma rumfarsa, yana ta gyara mini karin sauti kamar da.

'Yan'uwana ɗalibai, a aji idan ka yi kuskuren fassara maki kawai za ka rasa. A bakin gadon Baba, da na yi kuskure, da Hajiya ta ce a'a.