Makarantar Turke

A garinmu, zamanin da muke yara, da wuya ka shiga gidan da babu turke. Mata na da awakinsu, maigida na da ragon da ya ɗaure domin Babbar Sallah, yaro kuwa da ya fara wayo sai a nuna masa 'yar tunkiya a ce, "Ga taka nan." Daga ranar ya shiga karatun kiwo.

Darasin farko shi ne ciyarwa. Da kaka ta yi, mukan ɗaure harawar wake da ta gyaɗa, mu ɗora bisa rufin soro ko a reshen itace, domin rani na tafe. Idan ciyawa ta ƙone, sai mu bazama ƙarƙashin gawo tsintar 'ya'yansa. Da yamma a jiƙa dusa, a barbaɗa kanwa, ragon layya kuma a ƙara masa angurya. Kakata takan ja mana kunne kan gyauron dawa: "Kai ɗan nan, kada ka kuskura su shiga gonar can!" Sai da na girma na karanta cewa sabon tohon dawa yana ɗauke da guba mai iya kashe dabba nan take.

Na biyu shi ne lura. Baba ba ya sayen rago sai ya buɗe bakinsa. Idan manyan haƙora biyu sun fito a gaba, ya san ya haura shekara. Ya shafa gadon baya ya ji nama, ya ja fatar ido ya duba ko akwai jini. A gida kuwa, dabbar da ta ware kanta ta daina tuƙa, a ranar ake raba ta da sauran. Mun san akuya wata biyar take yi da ciki, saniya tara, kuma ɗan da bai sha dakashi ba da wuya ya yi ƙwari.

Mun san iri ma. A tumaki, ga Balami, fari ƙato mai lanƙwasasshen hanci. Ga Uda, rabin jiki baƙi ko ja, rabi fari. Ga 'Yanƙasa mai jure wahala. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa, fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Ranar da malamin dabbobi zai zo, gari kan cika da ƙura. Fulani su koro shanunsu Bunaji da Rahaji daga ruga, a yi musu allurar da ake kawowa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924. Waɗanda suka ga annobar bushiya ta 1983 ba sa wasa da wannan rana, domin sun ga mai garke ya wayi gari da sanda kaɗai. Irin wannan rigakafin ne ya kai ga shelar kawar da cutar daga duniya a 2011.

Abin da masana ke nazari a Shika ta Zariya, wato abinci, iri, lafiya da muhalli, shi ne iyayenmu suka ɗora mu a kai, sai dai ilimin zamani ya zo da awo da bayanin dalili. Yau awaki na yawo a bola suna haɗiyar leda, yara da yawa kuma ba su taɓa sharar turke ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Duk mai ɗan fili a gidansa, ya saya wa ɗansa akuya ko guda ce, ya bar masa ɗawainiyarta. Haƙuri da tattali da tausayin da zai koya a wurinta za su bi shi har tsufa.